Fashin Baƙi: Me Ya Sa Birane Ke Kashe Miliyoyi Don Gina Ruwa Mai Kumfa a Tsakiyar Gari?

Tun da masu shirya gasar Olamfik ta 2028 suka sanar a watan Yunin 2024 cewa tseren kwalekwale na ruwa mai kumfa ba a Los Angeles, mai masaukin gasar, za a yi shi ba, a birnin Oklahoma za a yi, mai nisan kimanin kilomita 2,000 daga can, mutane ke ta mamaki. Los Angeles tana bakin teku, kuma jihar Kaliforniya cike take da tsaunuka da koguna, to me zai sa a kwashi 'yan wasa zuwa wani birni da ke shimfiɗe a fili, wanda koginsa a da yakan ƙafe har a shiga a yanke ciyawar da ta tsiro a cikinsa? Amsar ita ce Oklahoma ta gina wa kanta kogin kankare mai gudu da kumfa tun 2016, Los Angeles kuwa ta yi alkawarin ba za ta gina sabon filin wasa na dindindin saboda gasar ba. Wannan amsa ta buɗe wata tambayar da ta fi ta girma, wadda aka shafe shekaru ana jayayya a kanta a majalisun birane a Amurka da Turai: shin ya dace a ɗauki kuɗin jama'a a gina dandalin wasan ruwa a tsakiyar gari, ko kuwa almubazzaranci ne don jin daɗin 'yan tsiraru?

Mene ne ruwa mai kumfa, kuma wane wasa ake yi a cikinsa?

Idan kogi ya zo gangare ko ya matse tsakanin duwatsu, ruwan yakan ƙara gudu, ya bugi dutse, ya cakuɗe da iska har ya yi fari fat da kumfa. Wannan shi ake nufi da ruwa mai kumfa. Masu harkar sun kasa shi mataki shida bisa haɗarinsa, daga na 1 wanda ɗan koyo zai bi ba fargaba, zuwa na 6 wanda shigarsa sayar da rai ne. Dandalin da ake ginawa a birane yawanci yana tsakanin mataki na 2 da na 4.

Kayak kuwa ƙaramin kwalekwale ne na mutum ɗaya, rufaffe, wanda matuƙinsa ke zama ciki ya miƙe ƙafafu, yana tuƙi da filafili mai baki biyu. Asalinsa na mutanen Inuwit ne da ke zaune a yankin ƙanƙara na arewacin duniya, waɗanda suke ɗinka shi da fatar dabbar ruwa don farauta. Na yau da roba mai tauri ake yin sa. Wanda ya saba ganin kwalekwalen katako na masunta ko tseren da ake yi a bikin Argungu zai ga bambanci nan take, domin shi wannan an ƙera shi ne don ya kife kuma matuƙin ya birkito da shi ya tashi ba tare da ya fita ba. A gasar Olamfik ɗan wasa yana ratsa ƙofofi 18 zuwa 25 da aka rataya bisa ruwa, korayen ya bi su yana gangarawa, jajayen kuma dole ya juyo ya haura ruwa kafin ya ratsa su. Taɓa sandar ƙofa yana jawo ƙarin daƙiƙa 2, tsallake ta kuma daƙiƙa 50. A irin wannan tsere ne Benjamin Boukpeti ya samo wa Togo tagulla a Beijing a 2008, lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasar, kuma a cikinsa Jonathan Akinyemi ya wakilci Najeriya a Landan a 2012.

Sai dai masu neman a gina dandali a birni ba duka 'yan tsere ba ne. Mafi yawansu mutane ne da ke son su tashi daga aiki da yamma, su sa hular kwano da rigar kariya daga nitsewa, su hau igiyar ruwa guda da ke tsaye wuri ɗaya na sa'a guda, su koma gida, maimakon tafiyar awa uku zuwa tsauni a ƙarshen mako.

Abubuwa biyu ne ake kira da suna ɗaya

A nan ne mafi yawan ruɗanin yake, kuma a ganina duk muhawarar da ba ta fara da raba waɗannan biyun ba ɓata lokaci ce.

Nau'i na farko shi ne wanda ake yi a cikin kogi na gaske. Ana jera manyan duwatsu a ɗaure su da siminti a ƙasan kogin, a matse ruwan ya gangara da sauri, inda zai haɗu da ruwa mai zurfi mai tafiya a hankali ya tashi ya zama igiya. Kogin ne ke kawo ruwan kyauta, babu injin da ke aiki, kuma galibi babu shinge balle kuɗin shiga. Irinsa ne aka yi a garin Golden na jihar Kolorado a 1998, da Reno ta jihar Nevada a kan kogin Truckee, wanda bai wuce dala miliyan ɗaya da rabi ba. Rauninsa shi ne yana bin yanayi: in ruwa ya ja baya igiyar ta mutu, in ambaliya ta zo tana iya tafiya da aikin.

Nau'i na biyu ba kogi ba ne sam. Magudanar kankare ce mai lanƙwasa, da tafki a ƙasa, da manyan famfuna masu tura ruwa sama ya gangaro ya sake komawa, har da bel mai tafiya da ke ɗaukar kwalekwale da mutumin cikinsa ya mayar da su mafari. Dandalin Lee Valley da aka gina don gasar Landan ta 2012 a kan fam miliyan 31 yana da tsawon mita 300, gangarensa mita 5.5, kuma ana tura kimanin lita 13,000 na ruwa kowace daƙiƙa. Lissafi mai sauƙi zai nuna cewa ɗaga wannan ruwa zuwa wannan tsayi yana cin wutar da ta kai kilowat 700, tun ba a sa wadda ke salwanta a cikin injin ba. Saboda haka irin wannan wuri ba ya rayuwa sai da tikiti, kuma ba 'yan kayak ne ke ciyar da shi ba, baƙi ne da ke biya su shiga kwalekwalen roba mai iska su shida ko takwas tare da jagora.

Na farko gyaran kogi ne da aka sa wa wasa a ciki. Na biyu kasuwanci ne mai kama da filin ƙwallo, kuma da ma'aunin kasuwanci ya kamata a auna shi.

Yadda abin ya samo asali

Kogin kankare na farko da ya yi suna an gina shi ne a Augsburg ta Jamus don gasar Munich ta 1972. Jamus ta Gabas ta auna shi, ta gina kwafinsa a Zwickau, 'yan wasanta suka yi ta atisaye a kai, suka zo suka kwashe zinare huɗun da ake da su gaba ɗaya. Daga nan kowa ya gane cewa ana iya ƙera ruwa mai kumfa yadda ake so. Wasan ya fita daga Olamfik har sai 1992 a Barcelona, kuma tsadar ginin na cikin dalilan. Daga gasar Sydney ta 2000 zuwa yau, kowane mai masauki da famfo yake yin nasa.

A Amurka kuwa tushen ya fi alaƙa da mutuwar masana'antu. Da yawa daga tsofaffin biranen ƙasar an kafa su ne daidai inda kogi ke da gangare, domin ƙarfin ruwan ne ke juya injinan niƙa da saƙa. Aka datse kogunan, gangaren ya nitse a ƙarƙashin ruwa mai kwanciya, kamar yadda tafkin Kainji ya haɗiye gangaren Bussa bayan an kammala madatsar a 1968. Da masana'antun suka rufe, sai aka bar birane da madatsun da ba su da amfani, da gaɓar kogi mai cike da shara wadda gidaje suka juya wa baya. Denver ta jihar Kolorado ta fara waiwayar koginta bayan mummunar ambaliyar 1965, ta buɗe wurin shaƙatawa mai hanyar kwalekwale a mahaɗar kogin South Platte da rafin Cherry Creek a tsakiyar shekarun 1970. South Bend ta jihar Indiana ta mayar da tsohuwar magudanar masana'anta dandalin wasa a 1984.

Gajeriyar madatsa: hujja mafi ƙarfi ta masu goyon baya

Akwai wani nau'in madatsa da ya kamata mai karatu ya fahimta, domin shi ne zuciyar maganar. Gajeriyar katanga ce ta kankare da ta ratsa kogi daga gaɓa zuwa gaɓa, tsayinta wani lokaci bai kai na mutum ba, ruwa yana malala ta kanta lami lafiya. Wanda ke tahowa daga sama da ƙyar yake hango ta, wanda ke kallo daga ƙasa kuma sai ya ga kamar wurin wanka ne. Amma ruwan da ya faɗo yakan nitse ƙasa, ya taso 'yan mitoci a gaba, sannan saman ruwan ya juyo baya zuwa jikin katangar. Duk abin da ya faɗa wannan juyi, itace ne ko mutum, zai nitse, ya taso, ruwan ya jawo shi baya, ya sake danna shi. Kumfar da ke wurin tana rage ƙarfin ɗaukar ruwa, har rigar kariya ba ta cika riƙe mutum a sama ba, kuma tunda katangar miƙaƙƙiya ce iri ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, babu kusurwar da ruwan zai tofar da shi waje. Injiniyoyi da masu aikin ceto suna kiranta injin nitsar da mutane, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma a nan yake cikawa.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne igiyar da ɗan kayak ke nema da wannan tarko daga tushe ɗaya suke. Bambancin yana ga siffa: idan aka karya tsayin katangar aka raba shi zuwa ƙananan gangare uku ko huɗu masu santsi, kowanne da bakin da ruwa ke wucewa gaba, ƙarfin da ke kashe mutum sai ya zama igiyar da ke tura shi waje. Wannan ne aka yi a Calgary ta Kanada, inda wata madatsa a kogin Bow ta daɗe tana cin rayuka. An buɗe sabuwar hanyar a 2012, ambaliyar 2013 ta lalata ta, aka sake gina ta aka buɗe a 2018. A Columbus ta jihar Jojiya an fasa tsofaffin madatsu biyu na masana'antu a kogin Chattahoochee a 2012 da 2013, aka fito da gangare mai tsawon kilomita 4 a tsakiyar gari a kan kimanin dala miliyan 24, kuma a 2023 garin ya karɓi gasar duniya ta wasan juyi a kan igiya. A irin waɗannan wurare, ko da ba a sami mai kayak ko ɗaya ba, birnin ya rabu da haɗari da kuma nauyin kula da tsohon gini. Wannan hujja ce da nake ganin tana da wuyar karyawa.

Inda kuɗi ya nitse

Labarin ya sha bamban idan aka koma ga nau'in famfo. Cibiyar Charlotte ta jihar Carolina ta Arewa, wadda aka buɗe a 2006 a kan dala miliyan 38, ta jawo jama'a sosai amma ta kasa biyan bashin gininta, har bankuna suka yafe mata kaso mafi tsoka a 2010. Bayan an sauke mata wannan kaya ne ta tsaya da ƙafarta, kuma ta yi hakan ne da ƙara wasu abubuwa kamar hawan bango, hanyoyin keke, abinci da bukukuwan kiɗa. Ma'ana, kuɗin shiga yana iya ɗaukar albashi da wuta, amma da wuya ya mayar da jarin gini. Oklahoma ta kauce wa wannan rami ne domin ba da bashi ta gina nata ba. A 2009 masu zaɓe suka amince da harajin senti ɗaya a kan kowace dala ta sayayya na wasu shekaru don ayyukan birni, daga ciki aka ware dala miliyan 45 ga dandalin. Duk da haka tambayar adalci tana nan, domin harajin sayayya ya fi nauyi a kan mai ƙaramin ƙarfi, wanda ba lalle ya iya sayen tikitin shiga ba.

A Dublin, babban birnin Ailan, jama'a ne suka ƙi. Majalisar birnin ta amince a Disambar 2019 a mayar da wata tsohuwar tashar jiragen ruwa, George's Dock, dandalin ruwa mai kumfa, tana kafa hujja da cewa 'yan kwana-kwana za su samu wurin koyon ceto a ruwan ambaliya. Ƙiyasin kuɗin ya tashi daga kimanin yuro miliyan 12 zuwa 25, a daidai lokacin da birnin ke fama da tsadar haya da ƙaruwar marasa matsuguni. Suka ta yi yawa, gwamnatin ƙasa ba ta ba da tallafin da aka nema ba, aka jingine shirin a 2021.

Ko na cikin kogi ma yana iya zama asara idan aka yi gaggawa. Dallas ta jihar Texas ta kashe kusan dala miliyan 4 ta gina igiya a kogin Trinity a 2011, amma hanyar gefe da aka tanada don kwalekwalen da ba na wasa ba ta zama mai haɗari, aka rufe wurin cikin 'yan kwanaki. Rundunar injiniyoyin sojan Amurka, wadda ke da hurumin ba da izini a kan irin waɗannan koguna, ta ce ginin ya toshe hanyar zirga-zirga. A 2018 aka cire shi da ƙarin kimanin dala miliyan 2.

Kifi, manoma da tsabtar ruwa

Masu tallata waɗannan ayyuka suna yawan amfani da kalmar farfaɗo da kogi, kuma a nan ne masana halittun ruwa ke ja da su. Igiyar da ta yi kyau ga kayak tana bukatar ruwa mai tsananin gudu a kan shimfiɗa mai santsi da aka liƙe da siminti, alhali kifin da ke haura kogi don ya yi ƙwai yana bukatar tsakuwa, da ramuka tsakanin duwatsu, da wurin hutawa. Binciken hukumar namun daji ta Kolorado ya nuna cewa wasu daga cikin gine-ginen suna hana kifi haurawa, musamman ƙanana da marasa ƙarfin iyo. Ana iya rage matsalar da barin hanyar gefe, amma ba a kawar da ita gaba ɗaya.

Babu inda wannan saɓani ya fito fili kamar Grand Rapids ta jihar Michigan, birnin da sunansa ma yake nufin babban gangaren ruwa, amma an daɗe da kwashe duwatsun an datse kogin. Tun wajen 2009 wata ƙungiya ta mazauna garin ta fara fafutukar dawo da gangaren, da igiyoyin wasa a ciki. Sai ga matsaloli biyu. A ƙasan kogin akwai wata ƙaramar halitta mai ɓawo biyu da ke tace ruwa, wadda dokar tarayya ke karewa saboda tana dab da ƙarewa. Sannan madatsa mafi girma a garin ita ce ke tare wani kifi mai kama da maciji, baƙo a yankin, da ke manne wa sauran kifaye yana tsotse jininsu. In aka cire ta ba tare da madadi ba, zai bazu cikin ɗaruruwan kilomitoci na rafuka. Bayan fiye da shekara goma ana zane ana gogewa, hukumomin muhalli na jiha da na tarayya suka ƙi amincewa da yawan duwatsu da simintin da za a zuba, birnin ya janye takardar neman izininsa a Maris 2023, ya cire igiyoyin wasan daga shirin. Sabon tsarin, na cire gajerun madatsu huɗu da mayar da duwatsu a warwatse, shi ya sami izini a ƙarshen 2024. 'Yan kayak da dama sun ji an ci amanarsu, kuma ana iya fahimtar zafinsu tunda su suka tayar da maganar, amma ni a ganina kogin ya sami abin da ya fi bukata.

A yammacin Amurka, inda ruwa ya yi ƙaranci, rigimar ta rabon ruwa ce. Dokar Kolorado ta ce wanda ya riga amfani da ruwa shi ke da fifiko, kuma a da amfani yana nufin janye shi zuwa gona, gari ko masana'anta. Da Golden ta nemi kotu ta ba ta haƙƙin a bar wani adadin ruwa yana gudu a kogi don wasa kawai, hukumomin ruwa na jihar suka ƙalubalance ta, suna tsoron hakan zai ɗaure hannun masu son janye ruwa a sama nan gaba. Majalisar jihar ta yi doka a kan batun a 2001, kuma a 2003 alƙalan kotun ƙolin jihar suka rabu uku da uku, nasarar Golden ta tabbata.

Sai batun lafiya. Kogin birni yakan ɗauki ruwan kwata bayan an yi ruwan sama mai yawa, kuma ɗan kayak yana shan ruwan ta hanci da baki duk lokacin da ya kife. Nau'in famfo ma bai tsira ba: a 2016 wata matashiya ta rasu bayan ta kamu da ƙwayar cuta mai cin ƙwaƙwalwa a cibiyar Charlotte, inda aka gano cewa tsarin tace ruwan bai ishi ruwa mai ɗumi da laka irin na wurin ba. An rufe, an kwashe ruwan, an sauya tsarin, hukumar yankin kuma ta kafa dokar sa ido.

Me mazaunin birni zai samu?

Masu kayak kaɗan ne a kowane gari, kuma kayan wasan suna da tsada. Inda dandalin cikin kogi ya yi nasara, waɗanda suka fi cika shi su ne yara masu hawa tayar mota mai iska, da iyalai da ke zaune a kan duwatsu suna kallo, da masu kamun kifi, da masu sayar da abinci a gaɓa. Shi ya sa matakala zuwa ruwa, da inuwa, da makewayi, da tashar bas kusa suka fi kyan igiyar muhimmanci ga talaka. Alƙaluman riba da ake gabatar wa majalisu kuwa a karɓe su da hattara, domin sau da yawa masu son aikin ne ke ɗaukar nauyin lissafin, kuma ba a cika cire kuɗin da mazauna garin da ma za su kashe a wani wurin cikin garin ba.

Akwai kuma illoli biyu da ba a cika faɗa ba. Idan gaɓar kogi ta yi kyau, farashin fili da haya yakan tashi, kuma unguwannin da suka jure warin kogin shekara da shekaru su ne na farko da ake turewa. Na biyu, jawo mutane zuwa ruwa mai gudu a garin da yara da yawa ba su iya iyo ba nauyi ne babba, musamman a Amurka inda alƙaluman hukumar lafiya suka nuna yaran baƙar fata sun fi mutuwa ta hanyar nitsewa. Wannan ya sa ake sa ido a kan Montgomery ta jihar Alabama, birnin da baƙar fata suka fi yawa, wanda ya buɗe dandalin famfo na kimanin dala miliyan 90 a 2023, akasari da kuɗin jama'a, a ga ko koyar da iyo da rangwame ga 'yan makaranta za su zama aikin yau da kullum.

A Oklahoma, gasar 2028 za ta cika wurin da 'yan kallo na 'yan kwanaki, kuma ta riga ta ceci Los Angeles daga gina magudanar da ba ta bukata. Bayan an watse, famfunan za su ci gaba da cin wuta kowace sa'a da aka kunna su, kuma masu sayen tikiti da baitulmalin birnin ne za su biya.